Muna son kafa ƙungiyar masu busa turombon a Kano, daga ina za mu fara?

Malam Bitrus, Sabon Gari:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu goma sha ɗaya ne masu busa turombon, wato kakakin nan na badujala mai bututun da ake ja, wasu daga badujalar makarantu, wasu daga coci, muna so mu zama ƙungiya. Kan ya rabu: wasu sun ce rajista tukuna, wasu sun ce a fara haɗuwa ana atisaye. Ga kayanmu yawanci na gwanjo ne, silaid, wato bututun da ake ja ana turawa don sauya sauti, sai maƙalewa. Yaya irin wannan ƙungiya ta faro a waje, kuma me take yi wa 'ya'yanta?

Alhaji Sani, Fagge:
Wa alaikumus salam Malam Bitrus. Babbar ita ce International Trombone Association, wato ƙungiyar masu turombon ta duniya, ITA a taƙaice. A 1971 aka yi taron bita na masu turombon a birnin Nashbil na Amurka, daga nan aka kafa ƙungiyar a 1972, Tom Everett ya zama shugabanta na farko. Manufarta ita ce ɗaukaka wannan abin busa, da koyar da shi, da ƙarfafa rubuta masa sabon kiɗa. Tana fitar da mujalla sau huɗu a shekara, tana taron shekara-shekara, tana shirya gasa ga matasa. Ingila ma ta kafa tata a 1985. Ka lura, bitar ce ta haifi ƙungiyar. Ku ma ku tsayar da rana ɗaya a mako, ku yi wata shida ba fashi, sannan a yi zancen takarda.

Malama Rahila, Nomansland:
Yaya Bitrus, aikin ƙungiyarku na farko ya zama gyaran silaid, don mai busa da silaid mai cijewa ba zai taɓa dacewa da matsayi bakwai ɗin nan da ake tsayar da silaid daidai ba. Da hunturu ƙura ce ke haɗuwa da tsohon mai ta zama kamar yashi tsakanin bututun ciki da na waje. A zare na wajen, a goge na cikin da ƙyalle mai laushi. A naɗe sandar goge ciki da ƙyalle, har kan sandar ya rufu kada ƙarfe ya karci ƙarfe, a zura cikin na wajen har ƙyallen ya daina fitowa baƙi. Sai a ɗebo kirim ɗin silaid kamar ƙwayar wake, a shafa a ƙarshen bututun ciki, wurin da ya ɗan fi kauri, a mayar, a ja sau da yawa, a fesa ruwa. Idan kirim ya yi yawa nauyi yake ƙarawa. Man keken ɗinki ko basilin kuwa kada su kusanci wurin, ƙura suke kamawa.

Sau ɗaya a wata a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke-wanke. Ruwan zafi yana ɗaye fentin ƙyallin jiki. In bayan duk wannan yana cijewa a wuri guda kullum, to lotsawa ce ko bututun sun karkace, aikin mai gyara ne. A duba toton da ke toshe maɓallin zubar da ruwan da ke taruwa a bututu ma. In ya cinye, iska na zurarewa, sauti ya dushe.

Barista Kabiru:
Ranka ya daɗe, idan lokacin rajista ya yi, Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi za ku nufa, ɓangaren amintattu. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, tsarin mulkin ƙungiya, da bayanin taron da aka zaɓe su. Za a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Kafin nan ku riƙe littafin kuɗin wata-wata da sa hannun mutum biyu.

Malam Bitrus:
Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: biyu daga kayanmu kofin busa, wanda ake ɗora leɓe a kai, ya ƙi fita.

Malama Rahila:
Kada a sa filaya, Yaya, murɗawa tana ɓalle haɗin dalmar da ke riƙe da bututu. Akwai ɗan ƙarfen cire kofi mai kusoshi biyu, ana ɗaure su a hankali bi da bi har ya fito. Guda ɗaya ya ishe ku duka, ku saya da kuɗin watan farko. Dalilin maƙalewar shi ne buga kofin da tafin hannu wajen sakawa, alhali ɗan murɗawa kaɗan ta isa.