Ƙullutun gindin bishiya: a shafa magani ko a tumɓuke?

Malamin Gona: Jama'a, akwai shawarar da ke yawo tsakanin masu rainon dashe, wai idan ƙullutu ya fito a gindin wardi ko tuffa ko inabi, a fasa kafson nan ja da rawaya a kwaɓa da ruwa a shafa, zai motse. Don Allah a daina ɓarnar kuɗi. In dai cutar da ƙwayar bakteriyar nan Agrobacterium tumefaciens ke kawowa ce, da zarar ƙullutun ya fito, ko an kashe ƙwayar cutar kaf ba zai daina girma ba. Ƙaramin dashe tumɓuke shi ake yi a ƙone.

Baba Mai Lambu: Allah gafarta Malam, wannan magana ba ta shige ni ba. Kai da bakinka ka ce ƙwaya ce ke kawo ta. To an kashe mai kawowa, me ya rage? Ni na sha yanke irin wannan a gindin bishiya in shafa toka, ga bishiyar nan tana 'ya'ya. Kuma duk wanda na fasa sai in tarar da tsutsa ko gara a ciki. Ni a wurina aikin ƙwaro ne. Gani ya kori ji.

Hajiya Mai Furanni: Baba, tsoho ka fasa. A wardina nan Jos, sabo yana fitowa fari-fari ne da laushi, farce ma yana shigarsa, daidai inda aka yi wa dashen aure ko inda gindi ya haɗu da ƙasa. In ka fasa shi a lokacin ba komai ciki sai tsoka. Sai ya kwana biyu yake yin duhu, ya yi tauri, ya tsattsage, sannan ƙwari su samu wurin shiga. Amma ni ma tambayar Baba nake da ita: don me kashe ƙwayar ba zai tsayar da shi ba?

Ɗalibar Samaru: Hajiya, wannan tambayar ta ba masana wahala shekara 70. Tun 1907 Erwin Smith da Townsend a Amurka suka nuna bakteriya ce ke kawo cutar. Sai a shekarun 1940 Armin Braun ya yi gwajin da ya rikita lissafi. Ya sa wa furen nan Vinca cutar, ya bari ta yi 'yan kwanaki, sannan ya saka tsiron cikin zafin kusan digiri 46, wanda Vinca ke iya jurewa amma bakteriyar ba ta iyawa. Ƙwayar ta mutu, ƙullutun ya fito abinsa. An kuma yanki tsokar ƙullutun da babu bakteriya ko ɗaya a cikinta aka rene ta a kwalba, ta yi ta girma ba tare da an zuba mata sinadaran girma ba, alhali tsokar tsiro mai lafiya sai an zuba mata su take motsawa. Braun ya ce lallai akwai abin da ƙwayar ke miƙa wa tsiro ta tafi ta bari. A 1974 aka gano a jami'ar Ghent ta Beljiyam cewa bakteriyar na ɗauke da wani zoben DNA (kundin umarnin halitta) na daban, a 1977 kuma Mary-Dell Chilton da abokan aikinta a Seattle suka nuna guntun wannan zoben yana shigewa cikin DNA ɗin tsiron ya zauna daram. Kafso ba ya goge DNA, Baba.

Baba Mai Lambu: 'Yata, kin yi nisa. Guntun ya shiga, sai kuma me? Shi ne ke kumbura?

Ɗalibar Samaru: A'a Baba, umarni ne kawai a cikinsa. Tsiro na da sinadarai biyu da ke juya akalar girmansa, oksin da saitokainin. Saitokainin shi ke sa ƙwayoyin jikin tsiro su yi ta rabuwa, su fitar da toho. Skoog da Miller a Wisconsin sun nuna da tsokar taba a 1957 cewa in saitokainin ya rinjaya ganye da reshe ne ke fitowa, in oksin ya rinjaya saiwa ce, in kuma suka yi kunnen doki sai a samu dunƙulen tsoka marar fasali. To guntun nan na ɗauke da umarnin haɗa duka biyun ba tsayawa: biyu na oksin, ɗaya na saitokainin, wanda ake kira ipt. Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da aka yi na lalata su ɗaya-ɗaya. An lalata ipt, sai ƙullutun ya riƙa fitar da saiwoyi. An lalata na oksin, sai ya riƙa fitar da toho. Daidai da abin da aka gani a taba shekaru kafin nan.

Ribar ƙwayar kuwa abinci ce. A cikin guntun akwai umarnin dafa wasu sinadarai, irin su oktofin da nofalin, waɗanda tsiron ba ya amfana da su, yawancin ƙwayoyin ƙasa ma ba sa iya ci, ita ce ke da makullinsu. Baƙo ne da ya sa maigida ya gina masa ɗaki, ya kuma riƙa dafa tuwon da shi kaɗai ke iya ci.

Ɗan Maraɗi: Ƙanwata, ki yi haƙuri in ja ki kaɗan. Kin ce tsiron ne kaɗai ke haɗa sinadarin, amma akwai nau'o'in Agrobacterium da ke fitar da saitokainin da kansu, suna da wani umarnin daban mai suna tzs da ba ya shiga cikin tsiro. Idan haka ne, kashe ƙwayar ai zai rage wani abu. Na biyu, Malam ya ce babu magani, alhali a Amurka ana sayar da wani na shafawa, Gallex, kuma ƙullutun na bushewa.

Ɗalibar Samaru: Gaskiyarka Yaya, akwai tzs. Amma amfaninsa a farko ne, lokacin shiga ta rauni. Girman da ke ci gaba bayan nan daga ipt ɗin da ya zauna cikin tsiron yake, shi ya sa tsokar kwalba ta ci gaba babu ƙwayar.

Malamin Gona: Shi kuma Gallex ai hujjata ce ka kawo. Tsokar ƙullutun yake kashewa, ɗaya bayan ɗaya, sai an tone ƙasa an bayyana kowane an shafa. Mai babbar bishiya mai tsada zai iya ɗaukar wannan wahalar. Mai dashe dubu a leda ba zai iya ba, kuma ƙwayar tana nan a ƙasarsa.

Baba Mai Lambu: To bishiyata da na yanke wa fa, ƙarya nake?

Malamin Gona: Subhanallah, wa zai ƙaryata ka, Baba. Babbar bishiya takan rayu da ƙullutu shekara da shekaru, wani ma ya ruɓe ya faɗi da kansa, wani ya sake fitowa a gefensa. Ƙaramin dashe ne ke shan wuya, don in ƙullutun ya zagaye gindi yana takure hanyar ruwa, sai tsiron ya tsumbure. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ina shakkar ko abin da ka gani ma cutar ce. Miƙa guntun nan ba ya yiwuwa sosai in zafi ya haura digiri 30 zuwa 32, shi ya sa na fi zarginta a wuri mai sanyi irin na Hajiya fiye da lambunka a watan Afrilu. Bishiya kuma tana yin ƙullutu don tsohon sara da ya warke ko don cizon ƙwaro.

Baba Mai Lambu: Tumatir da kuɓewata fa? Ka tumɓuko su ka ga saiwa duk ƙulle-ƙulle. Gyaɗa ma haka. Su ma in ƙone?

Malamin Gona: Kada ka taɓa gyaɗar! Abu uku ne daban. Na tumatir da kuɓewa yawanci wata ƙaramar tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, nematod, kuma saiwar ce kanta ke kumbura, ko ka murza ba ya ɓallewa. Na gyaɗa da wake ƙananan ƙwallaye ne a jikin saiwa, na wake kana murzawa yake ɓallewa, in ka fasa mai lafiya za ka ga cikinsa ja-ja. Wannan taki ne kyauta, nan ne bakteriya ke kamo naitirojin daga iska ta ba shukar.

Ɗalibar Samaru: Kuma bakteriyar gyaɗa da wake dangin juna ne da Agrobacterium, su ma ta ƙofar saitokainin suke bi. A 2001 aka gano abin da tsiro ke jin sinadarin da shi, a Japan, a ɗakin binciken Kakimoto. Sinadarin na maƙalewa a jikinsa, shi kuma ya miƙa saƙo hannu zuwa hannu har cikin cibiyar da DNA yake, a kunna umarnin rabuwa, tare da wasu da aikinsu taka birki ne kada abin ya wuce kima. A 2007 an samu wani tsiro dangin wake, Lotus, wanda wannan majiyin nasa ya maƙale a kunne, sai ya riƙa fitar da ƙwallayen saiwa babu bakteriya ko ɗaya a kusa. Wanda nasa ya lalace kuwa da ƙyar yake fitar da su ko an zuba masa ƙwayar. Bambancin shi ne a gyaɗa tsiron ne ke riƙe da linzami, yana iyakance yawan ƙwallayen. A ƙullutu sinadarin na kwararowa ne fiye da ƙarfin birkin.

Hajiya Mai Furanni: Wata mai saye ta ce min ƙullutun cutar kansa ce, wato ciwon daji, har ta ƙi taɓa tukunyar.

Ɗalibar Samaru: Ta wajen girma ba tsayawa sun yi kama, shi ya ja hankalin masu binciken kansa tun zamanin Smith. Amma ƙwayoyin jikin tsiro kowace a killace take da bango, ba sa yawo a jiki yadda na mutum ke yi, kuma ba wanda ya ɗauki cutar kansa don ya taɓa ƙullutu.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ke damuna daban ne. Da wannan ƙwayar mai sa ƙari ake yin irin GMO, wanda aka sauya wa DNA, da ake kawo mana, ko ba haka ba?

Ɗalibar Samaru: Da ita ake yin da yawa, har da waken SAMPEA 20-T da aka fitar a nan Samaru a 2019 don tsutsar da ke huda kwanson wake. Sai dai ana cire umarnin oksin da na saitokainin gaba ɗaya tukuna, a bar mata aikin dako kawai. Da ba a cire ba, dunƙulen tsoka za a samu a kwalba, ba wake ba. Kuma tun kafin mu ita ta fara: a 2015 an duba samfur 291 na dankalin Hausa, aka tarar da guntun DNA ɗinta a cikin dukkansu.

Ɗan Maraɗi: Wanda ya shiga da kansa tun zamanin da, aka yi ta ci ba a ga illa ba, daban yake da wanda mutum ya zaɓa ya saka jiya. Wannan hujjar ba ta rufe bakina ba.

Malamin Gona: Wannan muhawara ce ta wata ranar. Hajiya, ta rauni cutar ke shiga, don haka wuƙar aure da almakashi a riƙa tsoma su cikin ruwan bilic tsakanin dashe da dashe, a kuma kiyaye fartanya kusa da gindi. A Ostareliya Allen Kerr ya fito da wata 'yar'uwar ƙwayar marar cutarwa, K84, a shekarun 1970, ana tsoma saiwar dashe a cikinta kafin a dasa. Kariya ce ga wanda bai kamu ba, kuma ba ta aiki kan nau'in da ke kama inabi.

Hajiya Mai Furanni: Kwamin da na tumɓuke masu ƙullutun fa, in sake zuba wardi?

Malamin Gona: A'a, ƙwayar na daɗewa a ƙasa. Ki kwashe ƙasar da ke kewaye da saiwar, kada ki cika leda da ita, ki shuka masara ko dawa a wurin na wasu shekaru, don dangin ciyawa ba kasafai take kama su ba.

Baba Mai Lambu: Na ji. Wuƙar zan riƙa wankewa, amma toka ba zan daina shafawa ba.