Fukafukan tagulla sun ƙi shiga mota, ga tafiya Oamaru ta matso

Jama'a, don Allah ku taimaka min da shawara. Ni da abokaina uku, 'yan sitimfank masu shigar zamanin injin tururi, za mu tashi daga Christchurch ranar Asabar zuwa Oamaru a Niyu Zilan, kusan kilomita 250. Burinmu mu zaga tsoffin gine-ginen farin dutse na ƙarni na 19, mu shiga Steampunk HQ, gidan baje kolin kayan sitimfank.

Fukafukan shigata da na yi wata biyu ina ƙerawa da bututun tagulla ne suka tsaya min a rai. Walda na yi musu, ba sa naɗewa, but ɗin mota kuma ya yi musu kaɗan. Na ɗaure su a saman mota don gwaji, iska ta lanƙwasa ɗaya. In na yanke su gida biyu, da me zan haɗa su a can su yi ƙarfi?