Na sauke injin babur ɗina Pulsar, yaya zan horar da shi?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bakanike ya gama haɗa mini injin Pulsar 200: sabon fistan, sabon ringi, an gyara bawul. Kuɗin shinkafata ta rani na zuba a ciki, shi ya sa nake ɗari-ɗari. Ranar Asabar ina son zuwa Jega. In buɗe masa wuta ko in lallaɓa?

Bakanike daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka murɗe totur har ƙarshe, kuma kada ka tsaya kan gudu ɗaya tun daga Argungu har Jega. Ka riƙa hawa kana sauka, kana canza giya, da haka ringi ke zama daram a jikin silinda. Babbar giya da tafiyar hawainiya ita ma tana wahalar da inji. In ka yi kilomita 500 ka zubar da baƙin mai, ka duba shi cikin rana, za ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli.

Mai Babur daga Yauri:
Ka fita bayan asuba, kafin rana ta ɗaga. Ni ƙura ce ta cinye mini sabon ringi, ashe matatar iska ta yage ban duba ba.

Ɗan Argungu:
Na gode Yaya. Matatar kam yanzu zan kwance ta in gani.