Rainon furen fetuniya a tsakar gida: abin da kowa ya gani

Maman Biyu, Garwa:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina fama da furen fetuniya ban ga abin kirki ba. A karon farko na binne irin kamar yadda muke binne kuɓewa, ko ɗaya bai fito ba. A na biyu na sayi dashe a watan Maris, kafin mako uku ya yi yaushi ya mutu. Don Allah wanda ya taɓa rainonsa ya faɗa mana abin da ya gani.

Malamin makaranta, Marwa:
Wa'alaikumussalam, Hajiya. Kuskuren da kika yi na farko ni ma na yi shi. Ƙwayar irin ƙanana ce ƙwarai, ba ta kai ta riɗi ba ko kusa, kuma sai ta ga haske take tsirowa, saboda haka ba a rufe ta da ƙasa. Nakan cakuɗa ta da ɗan yashi mai laushi, in barbaɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin tsohon kwano mai huji, in danna da tafin hannu, sannan in shayar ta ƙasan kwanon, domin ruwan buta yakan kwashe irin ya tara shi gefe guda. Cikin kwana 7 zuwa 10 tsiro yake fitowa, fure kuma bayan mako 10 zuwa 12.

Na biyun kuwa laifin lokaci ne. Asalin furen daga Kudancin Amurka yake, wajajen Ajantina da Barazil, ɗan'uwan tumatir da taba ne, kuma kamar tumatir ɗin, zafin bazara irin na Garwa, da yakan wuce digiri 40, yana durƙusar da shi. Ni a ƙarshen Oktoba nake shukawa, hunturu ya tarar da shi da ƙarfinsa. Abu ɗaya da na koya da tsada shi ne kada a sa shi a baƙar lakar da muke dasa dawar masakwa, domin tana riƙe ruwa har saiwar ta ruɓe.

Gwaggo, Ngaundere:
Mu nan kan tudu zafi bai dame mu ba, ruwan sama ne matsalarmu. Idan aka yi mamako, furannin sukan liƙe kamar jiƙaƙƙiyar takarda, shi ya sa nake mayar da tukwanen ƙarƙashin baranda ta gabas.

Baban Auta, Injamena:
Nawa ya yi kyau har Janairu, sai sababbin ganyen suka koma ɗorawa alhali jijiyoyinsu na nan kore. Ashe tokar murhu da nake zuba masa da sunan taki ce ta hana saiwar shan sinadarin ƙarfe, domin shi ƙasa mai ɗan tsami yake so. Na sauya ƙasar da ruɓaɓɓen kashin shanu da yashi, ya farfaɗo. Ganyensa kuma yana da danƙo, ƙurar hazo takan manne masa, sai na riƙa wanke shi da sassafe, darɓa kuwa ruwan sabulu kaɗan yake kore ta.

Maman Biyu, Garwa:
Na gode ƙwarai, Malam, da ku duka. Na wata maƙwabciyata yana yin dogon kara da fure ɗaya a kai. Mene ne maganinsa?

Malamin makaranta, Marwa:
Ta tsinke kan tsiron tun yana kamar tsawon yatsa don ya yi rassa, ta riƙa cire furen da ya bushe tare da gindinsa kafin ya ƙulla iri, kuma ta tabbata yana samun rana ta aƙalla awa 6.