"Biweekly" A Takardar Adashi: Sau Biyu A Sati Ko Sati Bibbiyu?

Sakatare: Salamu alaikum jama'a. Surutu ya yi yawa a kan takardar adashinmu. Na rubuta cewa kowa zai riƙa zuba naira 5,000 "biweekly", wato duk bayan sati biyu. Ma'anar kalmar ke nan a Turanci, ba ta da wata.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ni dai jikana ne ya karanta min, ya ce sau biyu a sati. Na aika ran Litinin, na sake aikawa ran Alhamis, har sai da na taɓa jarin man gyaɗata.

Ma'aji: Kuɗinki na nan, Hajiya. Ni ma da na ga zubi na biyu na ɗauka kuskure ne. Bambancin fa ba ƙarami ba ne. Sati bibbiyu zubi 26 ne a shekara, naira 130,000. Sau biyu a sati kuwa zubi 104, naira 520,000. Wa zai iya?

Sakatare: Yaro ne ya ruɗe. "Bi" biyu ne, kamar a "bicycle", keke mai ƙafa biyu. "Week" sati. Sati biyu. Ina abin gardama?

Malamin Turanci: Allah ya ba ka haƙuri, Sakatare, yaron bai yi laifi ba. Ɗauko ƙamus ɗin Oxford ko na Merriam-Webster, duka sun kawo ma'ana biyun. "Bi" ya ce biyu, amma bai faɗi ko satin ake ninkawa ko rabawa ba. Haka "bimonthly" take, sau biyu a wata ko wata bibbiyu, su kansu Turawan suna rigima a kanta. A shekara ne kawai suka yi ƙoƙarin raba gardama: "biannual" sau biyu a shekara, "biennial" duk bayan shekara biyu. Ko nan ɗin ɗalibaina kullum sai sun cakuɗa su a jarrabawa.

Sakatare: Ƙamus daban, abin da mutane ke faɗa daban, Malam. A Amurka ma'aikaci in ya ce albashinsa "biweekly" ne, kowa ya san sau 26 yake karɓa a shekara. In suna nufin sau biyu a sati, suna da "semiweekly".

Malamin Turanci: A maganar albashin Amurka ka yi gaskiya, ban musa ba. To amma mu Turancin Ingila muka gada, su kuma in sati biyu suke nufi "fortnight" suke cewa, asalinta dare goma sha huɗu. Shi ya sa Bature ɗan Landan in ya ga "biweekly" zai iya tsayawa ya tambaya, tunda da sati biyu ake nufi da an ce "fortnightly". Kai cewa ka yi ba ta da wata ma'ana. Wannan ɗin ne ban yarda ba.

Na Maraɗi: Ni ma sau biyu a sati na fahimta, talauci ne ya hana ni bin sahun Hajiya. Mu da muka yi Faransanci, "bihebdomadaire" sau biyu a sati ne, babu tantama.

Anti Nas: Ku a kuɗi ne, ana iya mayarwa. Ku kwatanta a rubuta wa majiyyaci haka a katin magani, ya je gida ya sha ninki huɗu. Ni ranakun nake rubutawa ɓaro-ɓaro.

Auta: Yaya Sakatare, mu goma sha biyu ne, kowa na jin Hausa. Me ya kai mu Turancin tun farko?

Sakatare: Saboda banki, Auta, in za mu buɗe asusu. Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa yawancin masu faɗar ta sati biyu suke nufi. Amma na gyara: "Zubi naira 5,000, ranar Juma'a, a tsallake Juma'a ɗaya." A ta Turancin na sa "every two weeks".

Hajiya Babba: Madalla, ɗan nan. Ma'aji, na ran Alhamis ɗin a bar shi a matsayin zubina na gaba, kada wani ya zo min ƙofar gida.

Na Maraɗi: A mayar da ranar zubin Asabar don Allah. Juma'a ina kasuwa, ba na haɗa ciniki sai bayan magariba.