Taƙaitawa: abin da ruwan laka ke nunawa a sanƙarau

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda gwajin ruwan laka (ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya) ke nuna abin da ya jawo sanƙarau:

1. An yi ittifaƙi: ruwa gurɓatacce, fararen ƙwayoyin jini birjik, furotin sama, sukarinsa bai kai kashi 40 cikin 100 na sukarin jini ba, to a zargi bakteriya. A na bairos sukari yakan tsaya daidai.
2. Kan laktet (wani sinadari da ake aunawa a ruwan laka) aka rabu. Wasu sun ce in ya haura 3.5 mmol/L hujja ce babba ta bakteriya, wasu suka ce maganin da aka sha kafin gwaji kan rage amfaninsa. Ni dai na fi karkata ga na biyun.
3. Sanƙarau na tarin fuka: GeneXpert (gwajin gano ƙwayar tarin fuka) na iya kuskure shi.
4. Mai HIV, a duba CrAg (gwajin gano sanƙarau na fangas ɗin Cryptococcus).

Ba wanda ya yarda a jinkirta magani don jiran sakamako.