Kowane aiki da fuskarsa a kwamfuta: dabara ce ko ƙarin wahala?

Malamin kwamfuta, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi zan faɗa a nan: duk mai riƙe aiki fiye da ɗaya a kwamfuta, in bai ware wa kowanne fuskarsa ba, lokacinsa yake ɓatawa. Tun 2015 Windows 10 ta zo da Task View, wato tsarin raba allon kwamfuta zuwa fuskoki daban-daban, kowace da tagogin manhajojinta. Danna maɓallin Windows da Ctrl da D, sabuwar fuska ta buɗe fes. Windows da Ctrl da kibiyar dama ko ta hagu, ka tsallaka wani aikin. Amma har yau sai in shiga shago in tarar da tagogi jibge a wuri ɗaya, mutum na ta lalube kwastoma na tsaye a kansa.

Hajiya mai shagon buga takardu, Tudun Wada: Wa alaikumus salam Malam. Ni kam ban yarda ba. Ka zo shagona lokacin da ɗaliban Kadpoly da KASU ke kawo furojet. Wannan na son gyaran babi na uku, wancan an canza masa take, ga mai katin ɗaurin aure yana jira a CorelDraw. Kowa folda nake buɗe masa, sunansa da kwanan wata, a ciki akwai rubutun, da hotunan, da PDF ɗin da za a buga. Fuska ba ta ajiye komai. In aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu kafin yaro ya tada janareta, fuskokin za su dawo amma wayam, sai ka sake buɗe komai ɗaya bayan ɗaya. Folda kuwa tana nan inda na bar ta.

Mai gyara, Kawo: Hajiya ta yi gaskiya, kuma akwai ƙari. Fuska huɗu ba ta mai da kwamfuta ɗaya huɗu. Duk abin da ka bari a buɗe a can yana cin RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, ganinsa ne kawai ba ka yi. Yawancin waɗanda ake kawo mini na hannu ne masu 4GB. Mutum ya bar Chrome a fuska ta biyu, CorelDraw a ta uku, ya manta, fanka na ta kuka, ya zo ya ce mini bairos ne. Sannan Malam, fayilolin da ke zube a fuskar Windows su ne dai a kowace fuska ka je. Tagogi kaɗai ake rabawa.

Ɗalibi, Malali: Ku gafarce ni manya, abin da kuke gardama a kai an daɗe da haɗa shi a Linux, wani tsarin kwamfuta irin Windows. Manhajar KDE, mai tsara fuskar Linux, tana da wani tsarin raba ayyuka mai suna Activities tun zamanin KDE 4 da ya fito a 2008. Kowane aiki da hoton bangonsa, kuma za ka iya sa fuskar ta nuna foldar wannan aikin kaɗai. In na shiga na furojet ɗina, babobina ne a gabana. In na koma na zanen da nake yi wa mutane, nasu ne. Ga foldar Hajiya, ga fuskar Malam, a wuri guda.

Hajiya mai shagon buga takardu: Allah ya yi maka albarka ɗana, amma CorelDraw ba ta da sigar Linux, kuma da ita nake ci.

Ɗalibi: Akwai Inkscape ta zane da LibreOffice ta rubutu, Hajiya, kyauta ne.

Hajiya mai shagon buga takardu: Na san su. Ɗalibi ya kawo Word a filashi, in buɗe a wata manhaja shafuka su goce, jadawali ya tsallaka, wa zai biya takardar da aka ɓata?

Malamin kwamfuta: Ban ce a jefar da folda ba, Hajiya, ita ce rumbu. Abin da ya fi damuna amana ce. A shagunanmu kwastoma a bayanka yake tsayawa yana kallon allo. Kina gyara masa wasiƙa, a gefe ga takardar asibitin wani ko ta rabon gado a buɗe, ga saƙonnin WhatsApp na faɗowa. Ko ba komai a yi fuska biyu: ɗaya ta wanda ke gabanki, ɗaya ta sauran. Haka ma tura wa mutum fayil ɗin da ba nasa ba, daga cunkoson tagogi yake farawa.

Mai gyara: A nan ina bayanka Malam. Biyu ba za su kashe 4GB ba, in dai ana rufe abin da aka gama da shi. Task Manager, Ctrl da Shift da Esc, zai nuna maka mai cinye RAM ɗin.

Hajiya mai shagon buga takardu: Maganar amana ta shige ni, domin takardun kotu ma ana kawo mini. Zan gwada biyun a kwamfutar gaba, wadda yarinyata ke karɓar aiki a kai. Amma maganarka ta farko, cewa wanda bai raba fuska ba ɓata lokaci yake, har yanzu ban karɓa ba. Ta ciki da nake zane a kai, aiki ɗaya nake buɗewa, in gama, in adana a foldarsa, in rufe, sannan na gaba.

Malamin kwamfuta: To ki bari sai an shiga ruguntsumin rajistar JAMB, ranar da mutum biyar za su so abu biyar a lokaci guda, sai mu sake zama.